Yadda Injin Zarto Ya Tuɓe Ni a Kalgo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Kalgo neman aikin injin zarto ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa.

Gidanmu a Gwandu masassaƙa ne, turmi da akushi da ƙotar fartanya. Mu shida muke sassaƙa, masu saye ba su kai mu yawa ba, ga ni da mata da jariri. Sai labari ya zo cewa Turawa sun kafa wani inji a bakin gulbi, ana hura masa wuta yana tsaga katakon gada, kuma ana neman mutum ɗaya wanda ya san itace. Na ce ai magana ta ƙare, ni ne.

Shiri biyu na yi, duka na wauta. Na sha maganin ƙarfe kwana uku (ɗacinsa har yau yana maƙogwarona), sannan na zuba babbar rigata ta saƙi, don kada a ɗauke ni lebura.

Heluman wurin, wato shugaban leburori, wani dattijo ne, Baba Garba, mai yatsu tara. Mu biyu ya tsayar, ni da wani masunci mai suna Manu, daga shi sai bante. Ya nuna mana zarton, faifan ƙarfe mai haƙora, da doguwar fatar da ke juya shi. Ya ce da sanda ake tura katako, ban da hannu. Ba a tsallaka fata. Ba a share dusar itace sai inji ya tsaya cik. Sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, tuɓe rigar ga. Ɗaurin aure ka zo?"

"Baba, ni ƙarfe bai cin jikina."

"Awo? To in ba ka tuɓe ba, koma inuwa ka zauna."

Ya juya yana gwada wa Manu riƙon sanda. Ni kuwa, jikan masassaƙa, in zauna ana koya wa mai kama kifi itace? Na hango dusa ta taru a gindin zarto. Na naɗe hannun riga a kafaɗa, irin naɗin manya, na miƙa hannu ta saman fatar don a ga ƙwazo.

Naɗin ya warware. Fatar ta cafke hannun rigar.

Ban san ƙarfe yana da yunwa haka ba. Ya fizgo ni har ina jin iskar haƙoran a kumatuna, ina ihu ina kiran innata (da gemuna fa, ni uban wani). Baba Garba ya daka tsawa a tsayar da inji, ya zaro wuƙa ya keta rigar daga wuya zuwa ƙasa. Cikin gaggawa wuƙar ta haɗa da zariyar wandona. Inji ya tafi da riga, ƙasa ta karɓi wando, ni na tsaya a tsakiya, gaban leburori da matan da ke tallar fura.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Bakin wuƙar ya ɗan shafi bayana, sai ga jini. Baba Garba ya dangwala da yatsa, ya ɗaga kowa ya gani.

"Jama'a, ku zo ku ga wanda ƙarfe bai ci! Mi ka sha ne, ɗana, kunun tsamiya?"

Wata mai fura ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Manu aka ɗauka, mutumin da bai taɓa riƙe gizago ba. Abin da ya fi ni kawai, an yi magana ya ji. Ni kuma aka huda mini buhu na zura, na kama hanyar Gwandu ta bayan gari.

Daga baya na yi aiki da injuna iri-iri, yatsuna goma cif. Amma har gobe, in na doshi inji, da kaina nake tuɓewa. Ya fi mutunci.