Walƙiyar da ke Kwamfutar Maimuna

Ku matso nan, ku ba ni kunnuwanku, yau labarin kaina zan ba ku, kuma har gobe raina a ɓace yake.

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da jikata Maimuna ta zauna a ɗakina nan Garwa tana karatun kwamfuta. A saman gilashin kwamfutarta akwai wata 'yar alama mai siffar walƙiya, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Wani lokaci shuɗiya, wani lokaci ruwan goro, wani lokaci toka-toka. Na tambaye ta, ta ce, "Kaka, wani ɗan ƙari ne na saka wa abin buɗe intanet. Yana nuna mini tsarin da shafi yake aiki da shi, tsoho ne ko sabo." Na gyaɗa kai kamar na gane (ban gane ko ɗaya ba, amma ina ni ina sake tambayar yarinyar da na goya?). A raina na yanke hukunci: walƙiya dai ruwa take kawowa.

Ranar da na gan ta ruwan goro, aka kwana ana ruwa. Ranar da na gan ta toka-toka, rana ta ƙwalle. Shi ke nan, na fara faɗa wa mata su kwashe shanya ko su bar ta, ban gaya wa kowa inda nake gani ba. Maƙwabciyata Marta, mai sayar da gyaɗa, wadda ta sauko daga duwatsu shekaru da yawa, ba ta baza gyaɗarta sai ta leƙo ta kira ni da sunan da 'yan unguwa ke kirana, ta ce, "Dada, yau fa?" (Ban tuna cewa a tsakiyar damina kowa ma zai iya cewa za a yi ruwa ya dace ba.)

Sai auren 'yar Marta ya zo, za a ci abinci a tsakar gida bayan an dawo daga coci. Da safe ta tambaye ni ko su ɗaura tamfol. Na leƙa kwamfutar sau uku, toka-toka. Na ce, "Kada ki wahalar da maza. Ni na faɗa miki."

La'asar ba ta yi ba sama ta tsage. Miyar yakuwa ta zama kogi, kifin Binuwai ya koma iyo a faranti, farar rigar amarya ta sha taɓo har gwiwa. Muka cushe a zaure. Marta ta riƙe ƙugu ta ce, "Dada, ina kika gano wannan ranar taki?"

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce Maimuna ta ɗauko kwamfutar, kowa ya ga maƙaryaciyar walƙiya. Ta ce, "Kaka, ki bari mu je gida." Na ce a nan za a yi ta. Ta buɗe shafin makarantarsu da ta bari tun safe, toka-toka. Ta buɗe wani, shuɗiya. Ta buɗe na uku, ruwan goro. Ruwa kuwa yana ta dukan kwanon rufi, bai san ana yi ba. Kawun ango ya ce, "Don Allah 'yata, mayar da na farkon, ko ruwan ya tsaya." Zaure ya kece da dariya, har amarya mai kuka.

Ku faɗa mini gaskiya, wanda ya ƙirƙiro abin nan, zane ya ƙare masa ne? Ga hanya, ga jaki, ga mota, sai walƙiya? Bai san akwai tsofaffi a duniya ba?

Maimuna ta gama karatu, tana aiki a Marwa. Amarya ta haifi biyu. Marta ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba, yanzu kuwa ko hadari ya haɗu baƙi ƙirin sai ta leƙo ta ce, "Dada, yau wace kala?" Ni kuma tun daga ranar, in ban gane magana ba, ba na gyaɗa kai. Batun ruwa kuwa na mayar wa gwiwata, ita ba ta taɓa kunyata ni ba.