Yadda Alhaji Kunnen Inji Ya Zaɓa wa Ƙanwarsa Mota

Ranar hadari ya haɗu a gabas tun hantsi, ya yi baƙi ƙirin, ya ƙi zubowa. Gari ya ɗauki zafi, ko ganye ba ya motsi. A irin wannan rana ce Allah ya nufi mutanen Gusau da ganin gwanintar Alhaji Mu'azu, wanda mu a Bungudu muke kira Kunnen Inji.

Alhaji mutum ne da Allah ya ba ilimin mota ba tare da wahalar koyo ba. Yana zaune a dakali mota za ta wuce, ya karkata kai, ya faɗi ciwonta. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, don motar ta riga ta wuce. A rayuwarsa ya taɓa mallakar wata tsohuwar a-kori-kura wadda ba ta tashi sai da turi, kuma daga gare ta ya sauke karatun duka.

Ƙanwarsa Malama Rahama ungozoma ce a wani asibiti a Gusau. Kullum tana bakin titi a Bungudu tana jiran motar haya, ga ciwon gwiwar hagu da ba ya barin ta taka kuloci. Ta sayar da gonar gadonta ta Karakkai, ta ce tana son 'yar ƙaramar mota ta hannu, otomatik, mai lafiya, marar shan mai. Sayen mota ba a yi ba tare da babban wa ba. Alhaji ya sa babbar riga ya shige gaba.

A wajen dillalai a Sabon Gari, Rahama ta tsaya jikin wata 'yar ƙarama mai ruwan toka. Ta ce, "Yaya, wannan fa?"

Alhaji ya dube ta ya dubi motar. "Wagga? Gwangwanin madara? In na shiga ina zan sa rigata? Mota, Rahama, mutunci ce. Shan mai kuwa magana ce ta talakawa."

Can gefe ga wata baƙa, doguwa kamar jirgin ruwa, injinta na aiki, sanyi na fita daga ciki. Tun da suka iso dillalin bai kashe ta ba. Wani zai tambayi dalili. Alhaji ya san dalilin: an ji labarin zuwansa ne aka sanyaya masa wuri. Ya shuri taya. Ya danna oda sau biyu yana lumshe ido. Ya buga ƙofa ya saurari ƙararta. Ya sunkuya ya shinshini hayaƙin salansa kamar mai sayen turare.

Rahama ta ce, "Ko a kira makanike ya duba?"

"Ina tsaye? Kin taɓa ganin an kai wa rijiya ruwa?"

Dillali ya ce wallahi bai taɓa ganin masani irin Alhaji ba. Ban ce ya yi ƙarya ba.

Rahama ta biya kuɗin baƙar motar. Bungudu tana yamma, Tsafe tana gabas. Alhaji ya juya kan mota zuwa Tsafe, ya ce sai an gwada ta a doguwar hanya. Sa'a ce kawai ta sa ranar ana suna a gidan surukansa a can. Kafin su isa sun tsaya gidan mai sau biyu ba a kashe mota ba, Rahama na buɗe jaka, Alhaji na yi mata bayanin cewa doki mai ƙarfi shi ke cin dawa.

A ƙofar gidan suna ya yi oda har liman ya ɗaga kai. Ya kashe mota, ya fito yana kaɗa makulli. Aka ci, aka sha, aka yi ta Allah ya sanya alheri. Da aka zo tafiya, ya murɗa makulli. Shiru. Ashe batir ne ya daɗe da mutuwa. Abin da aron wani batir zai gyara.

Amma Kunnen Inji ba ya aro a gaban surukai. Ya ce, "Duk motar duniya turi ne maganinta. Samari, bisimilla."

Motar kuwa otomatik ce, otomatik ba ta tashi da turi. Rashin sani ya fi dare duhu. Aka tura har kasuwa, aka dawo. Alhaji na ciki yana laluben kuloci da ƙafa yana cewa sun kusa. A lokacin ne hadarin nan ya ga dama ya sauko. Masu turi suka watse da kayan sunansu a jiƙe, Rahama na rakuɓe a rumfar mai shayi tana kallon gonarta a tsakiyar titi.

Bai karaya ba. Ya sa aka ɗaura mata igiya a bayan motar itace, aka ja ta tun daga Tsafe, aka ratsa Gusau, har Bungudu, shi yana riƙe da sitiyari yana ɗaga wa mutane hannu. Wannan ja shi ya ƙone giyar motar ƙurmus. Kuɗin wata giyar sai wata gona, Rahama kuwa ɗaya ta gada.

Yanzu motar tana ƙarƙashin dalbejiya a ƙofar gidan Rahama, a kan duwatsu. Rahama tana bakin titi kowace safiya, tana dafe da gwiwa. Alhaji yana gaya wa mutane ya cika mata burinta na mota marar shan mai, don tun ranar motar ba ta sha ko ɗigon mai ba.