'Yata Ta Zo Ta Ɗaya a Jarrabawar da Ba a Yi Ba

Jama'a, jiya na taka har jami'a neman bayani, na dawo gida da hula mai tambari da ciwon kai.

Maganar babbar 'yata ce ta kai ni. Shekararta ta ƙarshe ke nan, kuma masu girma shugabannin jami'ar, Allah ya ƙara musu kujeru masu juyawa, sun buɗe Cibiyar Ɗa'a a Aikace da Fahimtar Al'adun Juna. Sun ce ba mai karɓar takardar kammalawa sai ya ci darasin gaskiya da riƙon amana. Madalla. Sai dai tun farkon zango ba wanda ya ga ƙeyar malamin darasin, an ce yana ƙasashen waje yana koyar da cika alkawari. Ba aji, ba jarrabawa. Kwatsam sai ga sakamako a allo: kowa ya ci, 'yata ce ta ɗaya.

Yarinyar nan halin uwarta ta ɗauko, ba ta haɗiye magana. Ta rubuta wa ofis cewa ita fa ba ta zauna wata jarrabawa ba. Suka riƙe takardarta, suka tura ta gaban kwamitin ladabtarwa, wai ta ɓata wa Cibiya suna.

Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya ce in yi zamana, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na yi kunnen ƙashi.

Ina isa na tarar ana babban taro da baƙi daga ƙasashe daban-daban. Bangon gaba ya sha fenti, na baya an lulluɓe shi da ƙyalle. Wani mai kati rataye a wuya ya dubi takalmina mai faci, ya ce dama wakilin talakawa suke nema. Kafin in buɗe baki an kafa mini hula, an zaunar da ni a layin gaba, an damƙa mini takarda. Jimlar farko: "Ba wanda ya rubuta mini wannan jawabi."

Da aka miƙo mini makirufo sai na ninke takardar, na zayyana labarin 'yata tiryan-tiryan. Wani tafinta ya juya wa baƙi cikin harshensu. Zauren ya ɗauki tafi, wata baƙuwa mai furfura har da share hawaye. Bayan an tashi na tare tafintan a bakin ƙofa, na ce me ya gaya musu?

"Baba, cewa na yi darasinmu ya ratsa 'yarka tun kafin a koyar da shi."

"Batun kwamitin fa?"

"Wannan ba ya fassaruwa. Al'adu sun bambanta."

Shi kuwa mai girma Daraktan Cibiya, ransa ya daɗe, ya ja ni gefe cikin fara'a. Ya ce baƙi sun yaba, sun zaɓi 'yata Jakadiyar Gaskiya ta bana, kuma takardarta za ta fito gobe-goben nan. Abu ɗaya ya rage: ta sa hannu cewa ta zauna jarrabawar. Mai dokar barci dai ya ɓige da gyangyaɗi.

Na kawo mata saƙo. Ta ce ba za ta sa ba, uwarta ta ce ta yi daidai, suka haɗu suka zuba mini ido kamar ni ne Daraktan. Jibi za ta gurfana gaban kwamiti, ni zan raka ta.

Shawarata ga iyaye 'yan'uwana: ku koya wa 'ya'yanku gaskiya, amma don Allah ku bari su karɓi takarda tukuna.