Ramin Dogara Ya Dawo

Jama'a, ku taya ni murna, yau da safe na faɗa rami. Ni da babur ɗina muka shiga tare, muka fito daban-daban, ni da taɓo har gwiwa, shi kuma tayar gaba ta fashe. Na miƙe ina ƙyalƙyala dariya, har wani mai keke napep ya tsaya yana tambaya ko kaina ya bugu. Na ce masa kaina lafiya lau, tsohon aboki na gani.

Bari in warware muku. A layinmu na Tudun Ƙofa akwai wani rami a tsakiyar kwalta wanda ya girmi autata Mu'mina. Shekara tara ina rubutu a kansa a wannan fili, na yi roƙo, na yi habaici, na yi gatse, manya ko tari ba su yi ba. Daura da ramin kuwa maƙwabcina Dogara mai faci ya kafa rumfarsa. Rami ya fasa taya, Dogara ya liƙe. Da ramin nan yake ci da iyalinsa, da shi 'yarsa Febi ta shiga jami'a.

To, bara sai masu girma suka shirya taron bita a wani otal, wai za a koya wa masu ƙananan sana'o'i talla a intanet. Kwana uku ana cin shinkafa da kaza, aka raba riguna da takardar shaida. Susana matar Dogara ta je, ta dawo da wuta a cikinta.

Ta ce min, "Baban Mu'mina, an ce sana'ar da ba ta cikin waya ta mutu, jana'iza kawai ake jira."

Na ce, "Maman Febi, shi wanda ya faɗa muku, wace sana'a yake yi?"

Ta ce, "Shirya bita."

Washegari ta sa mijinta ya shiga ramin, ruwa har ƙwauri, ya rataya taya a wuya, ya dubi waya ya ce, "In ramin nan ya gaishe ka, ƙaraso wurin Dogara." Ta ɗauke shi bidiyo ta saka a intanet. Wallahi ni ma sai da na kalla sau goma. Kafin kwana biyu bidiyo ya zaga ƙasa. Dogara ya zo ƙofar gidana baki har kunne, ya ce mutum dubu ɗari biyu sun kalle shi. Na ce taya nawa suka kawo? Ya ce ai yawancinsu a Legas da Kano suke. Wata ma daga Turai ta aiko masa da hoton zuciya. Na ce madalla, a kai wa Maman Febi ta sa a miya.

Su masu kallon ba su da taya, amma suna da baki. Suka yi ta rubuta "ina shugabanni?" a ƙarƙashin bidiyon. Rana ta huɗu sai ga jiniya. Ranka ya daɗe Sarkin Yanke Zare, Garkuwan Kyamara, ya iso da kansa, motoci goma sha ɗaya na biye, da baro guda na kwalta. Motoci biyu ma sai da ramin ya gaishe su, kuma su ne aikin ƙarshe da Dogara ya samu. Aka cike rami, aka yi jawabi, aka yanke zare, aka kama hannun Dogara aka ɗauki hoto, aka kira shi ɗan ƙasa nagari. Ramukan sauran unguwanni ba a taɓa su ba, tunda ba su fito a waya ba. Abin da alƙalamina ya kasa a shekara tara, matar mai faci ta yi shi da bidiyon minti ɗaya, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji haushi.

Garin neman gira kuwa aka rasa ido. Motoci suka riƙa wucewa sumul, direbobi na ɗaga wa Dogara hannu suna cewa, "Mai bidiyo!" Injin iskarsa ya yi shiru wata biyar. Wata rana na same shi zaune a kan tsohuwar taya ya yi tagumi. Ya ce zai sayar da injin ya koma gona, Febi kuma ta dawo gida. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Na ce, "Oga Dogara, kar ka sayar da komai. Ni na fi ka sanin manyanmu, ba su taɓa ba mu kunya ba. Bari damina ta sauka."

Allah ya ja zamanin masu girma, ba su ƙaryata ni ba. Ruwan farko kwaltar ta tsage, na biyu ta kumbura, na jiya kuwa ya naɗe ta kamar tabarma ya tafi da ita. Rami ya dawo ya fi na da faɗi, har da ƙaninsa a gefe. Ni ne na buɗe kasuwar da safen nan. Da na tura babur rumfar Dogara, rungume ni ya yi da taɓona, kafin ya gama da ni mutum huɗu na layi, inji na ruri.

Susana ta fito da murna ta ɗaga waya. Dogara ya saki taya, ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Maman Febi, don girman Allah ki bari yarinyar nan ta gama karatu."

Saboda haka idan hanya ta biyo da ku ta layinmu kuka faɗa, ku daure ku faɗa shiru, kar wanda ya ɗauki hoto. Wannan rubutun dai ba na jin tsoronsa, shekara tara na gwada, manya ba sa karantawa.