Fagenmu Ba Shi da Igiya

Zuwa ga Mai Girma Sakataren Kwamitin Gyaran Wasanni, masanin damben ƙasashen waje,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da ya taɓa shiga silima a Kano, ina fatan sabuwar motarka tana lafiya.

Bara na ji wani labari a kasuwar Kazaure, wai wasu ƙarti biyu sun yi dambe a wata ƙasa, ɗayan ya jingina da igiya ya bar ɗan'uwansa yana jibgarsa turmi bakwai, sai da mai dukan ya gaji sannan ya miƙe ya kayar da shi. Na ce zuƙi ce irin ta 'yan tasha. Ashe ka gani da idonka, har ka ɗauko dabarar ka kawo mana Roni. Ga 'yan koke-kokena, in an ba ni dama.

Na ɗaya. Ka tara 'yan dambenmu, ka zana musu fage a ƙasa da makullin mota, ka koya musu rufe fuska da miƙa haƙarƙari har abokin karawa ya ƙone ƙarfinsa. Shekara ashirin na yi ina ɗaure hannu ban san da haƙarƙari ake cin dambe ba. Na gode da ƙarin ilimi.

Na biyu. Waɗancan ƙartin, an ce, matashin kai suke sawa a hannu. Mutumin Babura da ya kara da ɗana Daudu zare ya naɗe nasa da shi. Wannan bambancin ba ya cikin zanen.

Na uku. Daudu, wanda ba a taɓa kai shi ƙasa ba, ya sha naushi uku masu kyau a haƙarƙari yadda ka umarta, sannan ya ja da baya ya jingina. Ranka ya daɗe, da me? Fagenmu ba shi da igiya. Makaɗi ne a bayansa, shi kuwa ya kauce don ya tsirar da kalangunsa.

Na huɗu. Dabararka sai a turmi na takwas take nuna. Namu turmi uku ne, kuma da ka taɓa ƙasa an gama. A silimar ba a faɗa ba ne, ko lokacin ka fita sayen gyaɗa?

Na ji ka bayyana wa jama'a cewa laifin na mutumin Babura ne, da ya ƙi gajiya saboda bai ga fim ɗin ba. Allah ya ƙara basira.

Yanzu ga roƙona. An ce ka zaɓi ƙanen Daudu, Sama'ilu, ya rama mana bayan kaka, da sabuwar dabara ta sakin hannuwa ƙasa ana rawa a kan yatsu. Sama'ilu kaɗai ya rage mai iya ɗaga cinyar bijimi a rumfarmu ta fawa. Ka bar mini shi. In kuwa dabarar ta matsu a gwada ta, mutumin Babura ya ce a shirye yake ya karɓi mai ita da kansa, mu kuma za mu kawo igiya.

Naka mai biyayya, wanda bai kai ya goge maka gilashin mota ba,

Lauwali Mahauci, Roni

Af, na manta. Labarin nan na mai jingina, a bakin mutum tara na ji shi. Na ƙarshe jiya ne, daga Daudu, yana kwance matarsa Dela tana gasa masa gefe, yana rantse mini cewa da an kai turmi na takwas da shi ya ci.