Sitabilaiza a Cikin Kumbo

"...da gajiya? Ya ƙafar taki, tsohuwa?"

"Ƙafata lafiya lau, ta fi taka kyau. Shigo, angon da ba ya cefane."

Haka suka fara. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina ɓarar gyaɗa, na gyara zama, na ce yau akwai kallo. Muzammil yayana ne, gyaran waya yake yi a Gaya. Hansai kakarmu ce, duk garinmu na Balan ba mai kayar da ita a baki. Abin da ya taso shi kuwa injin ƙyanƙyasar da ya haɗa mata ne. A ciki akwai ƙwan zabuwar marigayi kakanmu, wadda muzuru ya kashe, kuma su kaɗai suka rage a irin zabinsa.

To, layin wutarmu ɗaya da Maiwada mai niƙa. Da ya tayar da injinsa sai wuta ta fizga, lambar da ke goshin injin ƙyanƙyasar ta haukace, ya manta zafin da aka sa masa, ƙwai su fara hucewa. Shi ya sa Muzammil ya aiko da sitabilaiza, ya ce a jona kafin ya zo.

Yana leƙawa bayan injin ya riƙe kai.

"Inna lillahi! Wa ya ƙuƙƙulle wayar nan kamar igiyar guga?"

"Ni ce. Wutar ce ba ta da tarbiyya, a guje take shigowa ba sallama. Na yi mata kwana-kwana ta rage gudu."

"Ta rage?"

"Da sauƙi. Jiya ma da ta iso tana haki."

"Ke kika ji hakin, da kunnen nan naki da sai an yi miki kiran salla a ciki?"

"Kunnen da ya ji kukanka ranar suna, har ungozoma ta ce a duba ko ɗan akuya aka haifa."

"Na ji. Ina sitabilaizar da na aiko?"

"Yana nan lafiya, ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

"Ina?"

Sai ta nuna saman kabad da haɓa, tana wani yauƙi. Jama'a, a cikin babban kumbonta na aure ta sa shi! Ta naɗe shi da sabon ɗankwali, har da ƙullin turaren wuta a gefe. Dariya ta sa na zubar da gyaɗata.

"Tsohuwa! Me yake yi a kumbo? Tuwo ne?"

"To abu mai kyau haka, sabo fil, in ajiye shi a ƙasa wutar Maiwada ta ƙona shi?"

"Ai aikinsa ke nan! Shi zai tsaya a gaba ya sha dukan, ya tace wutar, sannan ya miƙa wa injin mai laushi."

"Mugu! Baƙo daga zuwansa sai a tura shi dambe? A gidan ubanwa aka koya maka haka?"

"A gidan ɗanki."

"Shi ya sa."

"Ki saurara. Ƙwaƙwalwar injin nan 'yar mitsitsiya ce. Ko na ƙiftawar ido wuta ta yi tsalle, sai ta ruɗe, ta ɗauki ƙarya ta ce gaskiya ce."

"Ashe irin taka ce. To kai ma a jona maka ɗaya a ƙeya, ko 'yan matan Ajingi sa daina gudunka."

"Su suke bina! Ranar kasuwa sai da aka raba layi."

"Na masu karɓar wayoyin da ka lalata ba."

"Ni ko? Ni da ake zuwa nema daga Kano?"

"Da sanda."

Tana faɗa tana hawa kujera za ta sauko da kumbon, tana mita wai an zo an raba ta da kayan ɗakinta. Kafin ta juyo ya warware ƙulle-ƙullen nan tas. Ya karɓi sitabilaizar, ya jona ta tsakanin bango da injin, ya gyara lambar zafi. Bai gama miƙewa ba muka ji injin Maiwada ya yi tari, ya kama ruri.

Ƙwan fitilar ɗakin ya yi ƙifta-ƙifta. Sitabilaiza ta ce ƙas. Duk muka zuba wa lambar ido. Ko motsi ba ta yi ba.

"Ka gani ko?" in ji Hansai. "Ƙullina ne ya fara aiki. Dama sai ya kwana biyu yake kamawa."

Sai Muzammil ya ɗago wayar wutar ya nuna mata, miƙaƙƙiya sambal.

Ta buɗe baki, ta rufe. Tunda nake ban taɓa ganin haka ba. Ta durƙusa a hankali, ta dafa murfin injin da tafin hannu, ta ji ɗumin yana nan. Ta daɗe a haka.

"Malam," ta kira marigayi kakanmu can ƙasa-ƙasa, "zabinka ba su ƙare ba."

Ni dai na sunkuyar da kai, don idona ya ciko. Shi ma gogan sai ya kama dube-duben silin.

Sai ta share fuska da ɗankwalin nan, ta fashe da dariya. Ta jawo kumbon, ta cika shi da ƙuli-ƙuli, ta dangwara masa a cinya.

"Ungo, ka ci gari yau. Kuma na farkon da ya fasa ƙwai sunanka zan sa masa."

"Allah, tsohuwa?"

"Allah kuwa. Ga sanƙo, ga surutu, wa zan sa masa in ba kai ba? Ka cinye ka dawo min da kumbona."