Hajo Ta Ceci Ma'aunin Ruwa

"Ya ruwan jiya, amarya?"

"Ruwa ya yi gyara, angon da ba ya cefane."

Muntasir bai tsaya jin sauran tsiyar kakarsa Hajo ba. Karatun yanayi yake yi a jami'a, kuma ya aro ma'aunin ruwan sama a sashensu ya kafa a tsakar gidanta da ke Kwarbai, don nan ne fili fetal babu bishiya. Jiya da la'asar aka tafka ruwan da ba a yi irinsa ba duk daminar nan, shi ne ya yi sammako ya zo dubawa. Sai ya tarar da ramin da ya kafa ma'aunin a ciki wayam. Ya juyo wajen Hajo.

"Hajo, ina gwangwanin da na kafa a nan?"

"Gode mini tukuna. Hadari na haɗowa na ruga da ƙafafun nan nawa na tumɓuke shi. Yana ƙarƙashin gado, ko ɗigo bai taɓa shi ba."

Muntasir ya nemi turmi ya zauna, bakinsa a buɗe.

"Tsohuwa, ai ruwan ne aikinsa. Dukan ruwan ya zo sha."

Yanzu kuma Hajo ce ta riƙe haɓa. "Kai ka ce mini kayan makaranta ne. Ka bar kayan mutane a ruwa, ka ce karatu kake? Ko akuya ta san ta fake."

"Milimita nawa aka yi, shi malaminmu ke jira."

"Mita kam ka iya ta tun kana goye."

"Awo ne. Da shi ake raba yayyafi da matsakaicin ruwa da mamako. A tara na shekaru, a san ko damina na canjawa."

"To ka ce masa an yi ruwa har katangar Malam Zailani ta zauna."

"Katanga ba awo ba ce."

"Ga bokitina can ya cika, ka auna."

"Ina kika ajiye shi?"

"Bakin indararo mana. Ni mahaukaciya ce?"

Ya dafe kai. Ya shiga ɗaki ya jawo ma'aunin, naɗe cikin zanen atamfa kamar jariri. Mazurarin da ke samansa babu.

"Hajo, ina mazurarin?"

"Ga shi can ina ɗura man gyaɗa. Tunda na aure ka, yau ka fara kawo abin amfani gidan nan."

"Saki uku ne ya dace da ke."

"Wa zai kwashe ka? Da wuyan nan naka kamar sandar rake?"

Ya daɗe yana kallon mai na gangarawa cikin kwalba. Can dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

"Na sallama. Gobe zan faɗa wa malam gaskiya, kakata ce ta hana."

Hajo ta toshe kwalbar da totuwa ta miƙa masa. "Kai masa wannan. Mutumin da ke zaune yana jiran ruwan gwangwani, ai miyarsa ba ta ga mai ba."